Wa Ke Ciyar da Wa? Abin da Rabon Kuɗin Kanada Ya Koya Mini

A shekarar 1936 gwamnatin lardin Alberta ta kasa biyan bashin da ake bin ta. Yau lardin nan ne rumbun man fetur na Kanada, mutanensa ne kuma suka fi kowa kukan cewa da guminsu ake ciyar da sauran ƙasar. Na ci karo da labarin ne a kwas ɗin tsarin tarayya da rabon kuɗin shiga, lokacin da malaminmu ya raba mana ƙasashe Kanada ta faɗo a kaina. Tun daga nan, in na ji an ce yanki kaza ne ke riƙe da ƙasa, abin da nake fara tambaya shi ne: a wace shekara?

Da aka kafa tarayyar a 1867 da larduna huɗu, wato Ontariyo, Kebek, Nova Scotia da New Brunswick, tsarin mulki ya bar wa kowane lardi filayensa da ma'adinan da ke ƙarƙashinsu. Amma da aka zo yanka Manitoba, sannan Alberta da Saskatchewan a 1905, sai gwamnatin tsakiya da ke Ottawa ta riƙe filayensu a hannunta, ba ta sake su ba sai 1930. Ga kuma manufar Firaminista John A. Macdonald ta 1879, wadda ta tsawwala haraji kan kayan waje don kare masana'antun Ontariyo da Kebek. Manomin yamma ya sayar da alkamarsa a farashin kasuwar duniya, ya dawo ya sayi garma da tsada daga hannun 'yan gabas, jirgin ƙasan da ke kai masa amfanin gona bakin teku ma hedikwatarsa na Montreal. Ashe jin haushin da yamma ke yi wa Ottawa ya girmi man fetur da shekaru masu yawa.

Sai ga shekarun 1930. Farashin alkama ya rushe, fari ya zo, fara ta biyo baya. Nauyin makarantu da asibitoci da tallafa wa marasa aiki yana wuyan larduna, manyan hanyoyin tara haraji kuwa suna hannun tsakiya. Aka kafa kwamitin Rowell da Sirois a 1937, ya miƙa rahoto a 1940, daga tunaninsa kuma aka samo shirin kuɗin daidaito da ya fara aiki a 1957. Alberta na cikin waɗanda suka karɓa har tsakiyar shekarun 1960, alhali tun 13 ga Fabrairun 1947 mai ya ɓulɓulo a rijiyar Leduc.

Yadda shirin ke aiki shi ne wurin da na fi daɗewa, domin ko a Kanada ɗin mutane da yawa ba su gane shi ba. Babu lardin da ake sa hannu a baitulmalinsa a ɗebo a ba wani. Kuɗin daga aljihun gwamnatin tarayya yake fitowa, daga harajin da kowane ɗan ƙasa ke biya a ma'auni ɗaya ko ina yake zaune. Abin da ake aunawa shi ne ƙarfin lardi na tara kuɗi: da a ce ya ɗora matsakaicin harajin ƙasar a kan albashi, ribar kamfanoni, saye da sayarwa, gidaje da filaye, nawa zai samu a kan kowane mutum? A haɗa da wani kaso na kuɗin ma'adinansa. Wanda ya gaza kaiwa matsakaici, Ottawa ta cike masa giɓin, ba tare da gindaya masa yadda zai kashe ba. A 1982 aka rubuta manufar a sashe na 36 na tsarin mulki: a ko wane lardi mutum yake, ya samu hidimar gwamnati kusan iri ɗaya ba tare da an kashe shi da haraji ba. 'Yan Alberta suna da gaskiya ta fuska ɗaya. Albashinsu ya fi na saura, don haka harajin tarayya da kowannensu ke biya ya fi yawa, kuma ba sa karɓar ko sisi daga shirin.

Ɗan Najeriya ba zai karanta wannan bai waiwayi gida ba. A wurinmu tsarin mulkin 1999 ya mallaka wa gwamnatin tarayya mai da ma'adinai duka, a zuba a asusu ɗaya, kwamishinoni su hallara Abuja kowane wata a raba, jihohin mai su ɗauki kashi 13 cikin 100. A Kanada lardi ne ke riƙe kuɗin mansa, tsakiya ta rarrashi marasa ƙarfi da kuɗin haraji. Wasu 'yan ajinmu suka ce to mu kwaso nasu mana. Ni ban ga yadda zai ɗauku ba. Tsarin yana tsaye ne a kan abu biyu: jama'ar da mafi yawansu ke biyan harajin albashi, da alƙaluman ƙidaya da na tattalin arziki waɗanda mai karɓa da mai ƙorafi duk suka yarda da su. Faɗan da suke yi a kan lissafin ne, ban ga inda wani firimiya, wato shugaban gwamnatin lardi, ya ce an yi masa coge a yawan jama'arsa ba. Mu kuwa rabonmu da ƙidaya tun 2006.

Kada a ɗauka kuma mallakar mai ta hana su rigima. Da farashi ya tashi a 1973 saboda takunkumin ƙasashen Larabawa, Ottawa ta danne farashin cikin gida ƙasa da na duniya, don masana'antu da gidajen gabas su samu sauƙi. A Oktoban 1980 gwamnatin Firaminista Pierre Trudeau ta fito da shirin makamashi na ƙasa: sabon haraji a kan kuɗin shigar mai, farashi a danne, da burin 'yan ƙasa su mallaki rabin masana'antar kafin 1990. Jam'iyyarsa ba ta ci kujera ko ɗaya ba a yamma da Manitoba a zaɓen wannan shekarar, don haka babu zaɓaɓɓen ɗan majalisar da zai tsaya wa Alberta a teburin da aka yanke shawarar. Firimiya Peter Lougheed ya fito a talabijin ya ce zai rage man da lardinsa ke haƙowa, kuma ya rage. A motocin Calgary, birni mafi girma a Alberta, har ana liƙa takardar da ke cewa a bar 'yan gabas sanyi ya kashe su cikin duhu. An sasanta a Satumban 1981, aka ƙara wa larduna iko kan albarkatunsu a gyaran tsarin mulki na 1982, gwamnatin Brian Mulroney kuma ta wargaza shirin a 1985. Gaskiya ne mutane sun rasa ayyuka da gidaje a lokacin. Amma kuɗin ruwa ya haura kashi 20 cikin 100 a 1981, farashin mai ya faɗi a duniya, jihar Texas mai arzikin mai a Amurka ma ta ji a jikinta ba tare da wani Trudeau ba. Duk da haka laifin gaba ɗaya a kansa aka jibge, har ɗansa Justin, wanda shi ma ya yi firaminista, ya gaji ƙiyayyar.

Lougheed ɗin nan shi ya kafa asusun ajiya na lardi a 1976, ana zuba kashi 30 cikin 100 na kuɗin mai don 'yan baya. Aka rage zuwa 15 a 1983, aka daina zubawa a 1987, ribar da yake haifarwa kuma aka riƙa cinyewa a kasafin shekara. Norway ba ta fara zuba kuɗi a nata ba sai 1996, amma a 2017 ya haye dalar Amurka tiriliyan 1, na Alberta bai kai dalar Kanada biliyan 20 ba. Akwai uzuri: Norway ƙasa ce mai cin gashin kanta, Alberta lardi ne da mutanensa ke biyan harajin tarayya. Uzurin bai cika ba, domin Alberta ce kaɗai lardin da ba ya karɓar harajin saye da sayarwa na kansa, kuma babu ɗan siyasar da zai ambaci kawo shi ya kai labari. Sun zaɓi su biya albashin malamai da ma'aikatan jinya da kuɗin mai, shi ya sa duk lokacin da ganga ta faɗi kasafinsu ke shiga rami. Wannan ba Ottawa ta yi musu ba.

Labarin Newfoundland ne ya fi taɓa ni. Ta shiga tarayya a 1949 tana mafi talauci, abin dogaronta kifin kod. Aka kama shi ba ƙaƙƙautawa har ya ƙare, a Yulin 1992 gwamnati ta hana kamun, mutane kusan 30,000 suka wayi gari babu sana'a. Matasa da dama Alberta suka nufa neman aiki. A 1997 mai ya fara fitowa daga filin Hibernia a cikin teku, zuwa 2008 lardin ya fita daga jerin masu karɓar kuɗin daidaito. Shekara ɗaya bayan haka, da masana'antar motoci ta durƙushe, Ontariyo, wadda ta daɗe tana ganin kanta uwar ƙasa, ta karɓa a karon farko. Duniya rawar 'yan mata. Ma'aunin bai san sunan lardi ba, aljihunsa kawai yake dubawa.

Kebek ce ke kwashe kaso mafi girma, kusan dala biliyan 14 cikin biliyan 24 a kasafin 2023 zuwa 2024, ko da yake in aka raba da yawan jama'a ƙananan lardunan bakin teku sun fi ta samu. Masu suka na cewa tana sayar wa mutanenta lantarkin ruwa da araha, sai kuɗin shigarta ya yi ƙasa a takarda, rabonta ya ƙaru. Sukar tana da tushe. Kuma wannan lardin ne saura ƙiris ya fice daga Kanada a ƙuri'ar raba gardama ta 30 ga Oktoban 1995, inda kashi 50.58 suka ce a zauna, 49.42 suka ce a tafi.

Akwai waɗanda duk lissafin nan bai haɗa da su ba. Yashin da ake tatso mai daga cikinsa a arewacin Alberta yana ƙasar da aka ƙulla yarjejeniya ta 8 a kanta da 'yan asalin wurin, Cree da Dene, a 1899. Hidimar garuruwansu nauyin tarayya ce kai tsaye, kuma a ƙarshen 2015 akwai gargaɗi sama da 100 na dogon lokaci a irin waɗannan garuruwa a faɗin ƙasar, cewa ruwan famfo ba ya shayuwa sai an tafasa. A ƙasar da ta rubuta daidaito a tsarin mulkinta.

A Oktoban 2021 Firimiya Jason Kenney ya kira ƙuri'a a Alberta, kusan kashi 62 cikin 100 suka ce a cire kuɗin daidaito daga tsarin mulki. Ba abin da ya motsa, domin gyaran sai da majalisar tarayya da larduna 7 masu aƙalla rabin jama'ar ƙasa, kuma masu karɓa ba za su sa hannu ba. Ginshiƙin lissafin da Kenney ke yaƙa kuwa gwamnatin Stephen Harper ce ta kafa shi a 2007. A lokacin Harper ɗan majalisa ne daga Calgary, Kenney kuma yana cikin wannan gwamnatin.