Koya wa aku wurin yin kashi

Ƙannena masu kiwon aku a Legas, musamman mazauna ɗaki ɗaya a gidajen haya na Agege da Idi-Araba, na san damuwarku: kashi a kafaɗa, kashi a katifa, wani lokaci har a kan sallaya. Kuskurena na farko, wanda nake ganin kuna maimaitawa, shi ne ɗaukar aku tamkar kyanwa. Aku ba shi da mafitsara, abinci kuma ba ya daɗewa a cikinsa. Mai ruwan toka da jan wutsiya yakan yi kashi kusan duk bayan minti 20 zuwa 30, ƙananan tsuntsaye ma sun fi haka yawaitawa.

Ku yi kwana 3 kuna kallonsa kawai, kuna rubuta lokaci. Kafin ya yi, zai ɗan ja da baya, ya tsuguna, ya ɗaga wutsiya. Da kun ga haka, ku ɗora shi a kan sandarsa, wadda kuka shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙarƙashinta, ku faɗi kalma ɗaya tak, kullum ita ce. Yana gamawa ku ba shi lada nan take, ɗan ɓarin gyaɗa ko yankan ayaba. In kun jinkirta, ba zai gane dalilin ladan ba. Ku fara da safe, domin aku yakan riƙe kashin dare ya saki mai yawa da zarar ya tashi. Kada a fito da shi daga keji sai ya yi wannan.

A kula da gyaɗar: danshin damina a Legas na sa ta yin fumfuna, fumfunar kuma tana lalata huhu da hantar tsuntsu. Piya kuwa guba ce gare shi.

In ya yi a jikinku, ku goge ku yi shiru. Tsawa ba ta koya masa komai sai tsoron hannunku, wani akun ma ihun zai ɗauka wasa ne ya ƙara.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne matsa wa tsuntsu har ya daina kashi sai an ba shi umarni. Mai shi ya tafi kasuwa tun safe, cunkoson motoci ya riƙe shi, aku na nan yana jira. Riƙewa da yunƙuri suna iya sa duburarsa ta fito. Saboda haka ku bar shi ya yi kashi a kejinsa duk lokacin da ya so, ku riƙa yaba masa ko ba ku faɗi kalmar ba.

Wajen share busasshen kashi, ku fara yayyafa ruwa, don ƙurarsa na iya ɗauke da cutar da ke kama huhun mutum. Ku kuma duba jaridar kafin ku jefar. Kashin lafiya abu uku ne a haɗe: kore ko ruwan ƙasa, fari, da ɗan ruwa. In farin ya koma rawaya, ko kuka ga jini, ko aku ya wuni yana yunƙuri ba abin da ya fito, ku kai shi wurin likitan dabbobi a ranar, domin aku yakan ɓoye ciwo har sai ya yi tsanani.