Sil ɗin sidi 25 ya ci mini 625

Ranar da na fara ganin abin, cewa na yi raɓa ce. Da asuba na fito da babur daga zaure a unguwar Aboabo da ke Kumasi, a Ghana, sai na ga wani zobe baƙi-baƙi ya zagaye sandar shoka ta gaba, ɓangaren da faifan birki yake. Na sa yatsa na shafa: mai ne ya cakuɗe da ƙurar hunturu. Na goge da tsumma na kama hanyar kasuwar Kejetia. Da na dawo da kayan shagon uwargida, katan biyu na madara da buhun sukari a baya, zoben ya dawo, har ya fara gangarowa.

Akwai wani yaro mai gyara a bakin layinmu, na tsaya wajensa. Bai ko tsuguna ba ya ce, "Yaya, oyil sil ne." Wato zoben robar da ke hana man shoka fita. Sil sidi 25, kuɗin aiki 30. Ya ce a canja na ƙafafun shoka duka biyun, na ce a'a, wanda ke yoyo kaɗai za a taɓa, lafiyayye me ya yi? Da sukundireba ya ɓamɓare tsohon, da ita kuma ya daddoka sabon ya shiga. Man da ya zuba, ragowar man inji ne a wata gorar ruwa, bai auna ba, da ido ya kwatanta. Ina tsaye ina kallo, ina ma jin daɗi na yi wayo, aiki ya ƙare a 55.

Mako biyu bai cika ba mai ya sake fitowa. Na koma da faɗa, ya ce sil ɗin ne ba mai kyau ba, akwai "orijinal" na 40. Na biya, na ƙara 30 na aiki. Wannan ya ɗan jima, wajen wata guda, sannan ya bi sawun ɗan'uwansa. Daga nan na yi abin da 'yan okada da yawa ke yi, na ɗaura tsumma a sandar don ya riƙa shanye man, na ci gaba da harkata.

Abin da ya fitar da ni daga wannan sakarcin ya faru ne wata Juma'a a Asawase. Wani firagiya, keken haya mai taya uku, ya tsaya a gabana ba zato don ya ɗauki fasinja, na matse birkin gaba, sai na ji kamar na matse soso. Babur ya ci gaba da tafiya abinsa. Birkin baya da ƙafata da na ja a ƙasa su suka tsayar da ni, tayata na taɓa bayansa. Ashe man ya bi ƙafar shoka ya sauka kan faifan, fad ɗin birki ya sha ya ƙoshi. Allah ya tsare, amma har na isa gida hannuna na rawa.

Washegari ƙanin mahaifina ya haɗa ni da wani tsohon fita, wato makaniki, a Suame Magazine, mutumin da ya shekara talatin yana kwance babura. Wanda bai taɓa shiga Magazine ba, gari ne guda na ƙarfe da baƙin mai da ƙarar guduma, in ba ka da ɗan jagora sai ka wuni kana zagaye. Na gaishe shi, na fara ba shi labarin sil mai kyau da marar kyau. Bai ce komai ba. Ya sa yaronsa ya kwance tayar gaba, suka zare ƙafafun shoka biyun, ya wanke sandar da fetur, sannan ya kama hannuna ya ce, "Kawo farcenka."

Ya bi da farcena a kan ƙarfen a hankali. Sai na ji ƙaf, ya maƙale. Wasu 'yan ramuka ne guda uku, ba su fi kan allura ba, inda tsatsa ta ci farin rufin sandar, da wani dogon karce a gefensu. Ya ce, "Ɗana, wannan leɓen robar a kan nan yake hawa da sauka duk ramin da ka faɗa. Ko na Japan ka sa, kwana nawa zai yi?" Ya mirgina sandar a kan wani gilashi, ta ɗan yi tangal-tangal: ta lanƙwashe kaɗan. Nan na tuna ranar da na faɗa kwata da damina ɗauke da buhun shinkafa. Karcen kuwa, ya ce aikin sukundireba ne. Da ramukan kaɗai ne marasa zurfi, in ji shi, da ya gwada goge su da samfefa mai laushi, amma sandar da ta lanƙwashe ba ta da magani sai canji.

Na ce, "Masta, nawa ke nan?" Ya ce miliyan biyar. Gabana ya faɗi kafin na tuna dattawanmu har yau da tsohon kuɗi suke lissafi, na kafin canjin 2007, lokacin da sidi 10,000 ya koma sidi ɗaya. Sidi 500 yake nufi. Sanda 220, sil biyu da robobin ƙura na samansu 80, man shoka na gaske 70, fad 50, aikinsa 80. Na so in yi ciniki a kan man, tunda man inji ma mai ne. Ya ce kaurinsu ba ɗaya ba ne, kuma abin da ya fi muhimmanci shi ne awo: kowace ƙafa tana da adadinta, a irin ƙaramin babur ɗina bai kai rabin ledar ruwa ba, in ya yi yawa shoka ta sandare kuma matsin ya tura sil, in ya yi kaɗan ta riƙa dukan ƙasa. Da ya juye na ɓangaren da na ce lafiyayye ne, wani ruwa toka-toka mai wari ya fito. Tun da aka sayi babur ɗin ba a taɓa canja shi ba.

Yadda ya sa sil ɗin ma abin kallo ne. Ya rufa leda a bakin sandar don kada kaifinta ya yanki leɓen, ya shafa mai, ya zura, sannan ya ɗora guntun faif na roba da ya yanka daidai faɗinsa ya riƙa bugawa a hankali har ya zauna, ya mai da zoben wayar da ke riƙe shi. Man kuma da sirinji ya auna. Faifan birki ya wanke shi tas, tsohon fad ya jefa a bola, ya ce wanda ya sha mai ba ya dawowa.

Na tura masa kuɗin ta MoMo, wato ta waya, na ba yaron na koko. Kafin in tafi ya ce in nemi robar nan mai lanƙwasa da ake sa wa sanda ta rufe ta gaba ɗaya, kuma in riƙa goge ƙarfen kullum, musamman da hunturu. Robar na saya daga baya. Tsumman da na ɗaure yoyo da shi yanzu yana ƙarƙashin kujera, shi nake gogewa da shi kafin in tayar.

Da dare uwargida ta buɗe littafin shago ta haɗa 55 da 70 da 500, ta rubuta a shafin bashina. Ta ce buhun shinkafa kuma daga yau aboboya, keken ɗaukar kaya mai taya uku, zai riƙa kawowa.