Asabar a bakin kanal, da lissafin gudun ruwa a kwamfuta

Yau da hantsi na bi Kawu zuwa gonarsa ta rani da ke wajen garinmu a yankin Kura, ina riƙe da igiyar awo, da sanda mai alamomi, da gorar roba. Aikina na kammala karatun injiniya a kan gudun ruwa ne a wata kwana ta kanal ɗin da ke shayar da gonakin unguwarmu, wanda ruwansa ke fitowa daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974. Malamin da ke duba aikin ya gindaya mini sharaɗi tun kafin hutu, cewa kada in kawo masa hoton da kwamfuta ta zana sai tare da awon da na yi da hannuna a bakin ruwa.

Mun auna faɗin kanal da zurfinsa, sannan Kawu ya saki gorar daga sama, ni kuwa ina ƙirga sakan nawa za ta yi kafin ta wuce alamar da muka kafa. Gudun bai kai cikakken rabin mita a sakan ɗaya ba. Wannan gudun saman ruwa ne kawai, domin ruwan da ke kusa da ƙasa da gefe ya fi tafiya a hankali, shi ya sa ake ɗaukar kimanin kashi 80 zuwa 85 cikin 100 na gudun saman a matsayin matsakaici. Da muka isa kwanar, Kawu ya nuna mini tudun yashi da laka a ɓangaren ciki, ya ce, "Ɗana, duk shekara nan muke haɗuwa gayya mu yashe, ɗaya gefen kuwa ruwa ke ci har siminti ya tsage." Na ce masa, "Kawu, abin da nake so kwamfutar ta bayyana mini ke nan."

Bayan azahar, da na karɓo kwamfutar daga wurin mai caji da sola, na zauna a zaure na ci gaba da aikin. Tushen wannan fanni na lissafin gudun ruwa gaba ɗaya dokoki ne guda uku da ruwa da iska ba sa saɓawa: adadinsu ba ya ɓacewa, gudunsu ba ya canzawa sai wani ƙarfi ya tura ko ya ja su, kuma makamashi ba ya ƙaruwa ko raguwa haka kawai. Claude-Louis Navier na Faransa ya rubuta lissafin da ke bayyana yadda ruwa ke gudu a 1822, George Stokes ya kammala shi a Cambridge a 1845, kuma har yau babu wanda ya iya warware shi gaba ɗaya da alƙalami, sai a wasu yanayi masu sauƙi kamar ruwa a miƙaƙƙen bututu. A shekarar 2000 Cibiyar Lissafi ta Clay a Amurka ta sa ladan dala miliyan ɗaya ga wanda ya amsa wata tambaya ta asali a kansa. Saboda haka ne injiniyoyi suka koma ga kwamfuta, ba don ta san amsa ba, sai don tana iya maimaita ƙaramin lissafi sau miliyoyi ba ta gaji ba.

Dabarar ita ce a yanka wurin da ruwa ke gudu zuwa ƙananan gidaje masu yawa, abin da muke kira raga. Ƙanena ya leƙo yana tambaya, na ce masa ya tuna fangalin albasa: abin da ya fita daga wannan dole ya shiga na kusa da shi, kuma idan ka san abin da ya shiga da abin da ya fita, ka san abin da ya rage a ciki. Haka kwamfuta ke yi wa kowane gida a ragar, tana lissafa gudu da matsi, tana gyarawa tana maimaitawa har kuskuren da ya rage ya yi ƙanƙanta sosai. Ina amfani da manhajar OpenFOAM wajen wannan lissafi domin kyauta ce, kuma ɗalibi irina ba shi da kuɗin lasisin takwararta ANSYS Fluent.

Wurin da na fi daɗewa yau shi ne hargitsin ruwa. A 1883 Osborne Reynolds ya zuba rini a cikin ruwan da ke bin bututun gilashi a Manchester, ya ga cewa idan gudun kaɗan ne rinin na tafiya a miƙe kamar layi, idan ya ƙaru sai ya wargaje ya gauraye. Lambar da ke ɗauke da sunansa tana kwatanta ƙarfin gudu da danƙon ruwa, kuma a bututu hargitsi na farawa ne a wajen 2,300. Da na sa awonmu na safe, lambar ta haura 100,000, wato ruwan kanal ɗinmu, duk da yadda yake kwance a ido, cike yake da ƙananan juye-juye. Kwamfutata ba za ta iya bin kowannensu ba, don haka na ɗauki tsarin k-epsilon, wanda Launder da Spalding suka daidaita a 1974, mai ƙiyasta tasirinsu a dunƙule. Ƙiyasi ne, kuma an san yana da rauni a inda ruwa ke lanƙwasa, wanda shi ne ainihin wurin da nake nazari. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin hoton zai fito da launuka masu kyau ko lissafin ya dace ko bai dace ba, kuma na ga ɗalibai da yawa suna gamsuwa da kyawun hoton.

Akwai kuma sharuɗɗan iyaka, wato abin da nake faɗa wa kwamfuta game da mashiga, da mafita, da bango. A jikin bango ruwa tsaye yake cak, shi ya sa gidajen ragar ke ƙara ƙanƙancewa a can. Kaushin bangon ma sai na ƙiyasta shi, kuma simintin da ya tsufa, ciyawa ta fito a tsagoginsa, ba ɗaya yake da sabo ba. Sai dokar Courant da Friedrichs da Lewy ta 1928, wadda ta ce a irin lissafin da nake yi kada ruwa ya tsallake fiye da gida ɗaya a taki ɗaya na lokaci, in ba haka ba lambobin su yi ta kumbura har aikin ya rushe. Ma'anarta a wajena ita ce duk ƙara ƙanƙantar raga ƙara jan lokaci ne, ga batirin da ba ya kai wa dare.

Gab da magariba sakamakon ragar farko ya fito, kuma ya nuna ruwan sama na karkata zuwa bangon waje, na ƙasa na komowa ciki yana jan yashi, daidai inda Kawu ya nuna. Na ji daɗi matuƙa, amma ba zan rubuta wa Malam ba tukuna. Sai na ninka yawan gidajen na sake gudanarwa, na ga ko amsar za ta tsaya a inda take. Gobe in Allah ya kai mu, Kawu ya ce zai kai ni wurin da wuri kafin a buɗe ƙofar ruwa, domin in auna tsayin tudun yashin da kaushin bangon waje.