Bayan dashen ƙoda: bitamin D da lafiyar ƙashi

Wanda aka yi wa dashen ƙoda ya dawo gida Garwa ko Injamena, hankalinsa kan tafi ne ga sabuwar ƙodar kaɗai. Alhali a watanni 6 zuwa 12 na farko ne ƙashi ya fi saurin zaizayewa.

Ƙoda ce ke mayar da bitamin D zuwa nau'in da ke sa hanji ya tsotsi kalsiyam. Sabuwar ƙoda tana dawo da wannan aiki, amma magungunan hana jiki ƙin dashe suna ja da baya. Prednisolone yana rage kalsiyam ɗin da hanji ke sha. Tacrolimus yana zubar da magnisiyam a fitsari, in aka haɗa da omeprazole, maganin gyambon ciki, abin ya ƙaru, sai a ji tsoka tana ƙullewa da dare.

Kada zafin ranarmu ya ruɗe mu. Baƙar fata ba ta saurin haɗa bitamin D daga hasken rana, muna rufe jiki, kuma likita kan ce wa mai dashe ya guji rana saboda kansar fata. Gwajin da za a nema shi ne 25-OH, mai auna bitamin D a jini: ƙasa da 20 ng/mL rashi ne, likitoci da yawa kan so ya kai 30.

Abin da ya fi damuna shi ne ampul ɗin bitamin D mai raka'a 100,000 da ake saye a farmasi ba tare da awo ba. Bayan shekarun wankin ƙoda, ƙwayoyin paratayirod huɗu da ke wuya, masu daidaita kalsiyam a jini, kan ci gaba da aiki fiye da kima, su ɗaga kalsiyam a jini, fosfet ya faɗi. Ƙara bitamin mai yawa a kan haka yana iya cutar da ƙodar da aka sha wuya kafin a samu. A auna kalsiyam, fosfet, magnisiyam da PTH (sinadarin da paratayirod ke fitarwa) tukuna.

In likita ya rubuta ƙwayar kalsiyam kabonet, a sha da abinci, kada ya wuce miligiram 500 a lokaci guda. A bar tazarar awa 2 tsakaninta da mycophenolate, wani maganin hana jiki ƙin dashe, haka ma maganin gyambon ciki mai magnisiyam ko alminiyam, domin suna hana mycophenolate shiga jini.

A tukunya kuwa, gero da dawa suna riƙe sinadarin ƙarfe da kalsiyam, jiƙawa da tsimawa irin ta kamu na rage hakan. Shayi a jinkirta shi awa guda bayan cin abinci. Nono sai wanda aka tafasa. Kanwa a rage ta sosai, gishirin cikinta yana ɗaga hawan jini.