Kisan Taron Dangi: Wa Doka Ke Kamawa, Wa Kuma Shaida Ya Gani?

Idan mutum ashirin suka rufar wa mutum ɗaya da sanduna da duwatsu har ya mutu, likitan da ya duba gawa zai iya cewa dukan da ya fasa ƙoƙon kai ne ajalinsa, amma ba zai iya cewa hannun wane ne ba. Wasu na ɗauka nan mafita take, wai tunda ba a san mai dukan ƙarshe ba, ba wanda kisa zai hau kansa. Doka ta daɗe da toshe wannan ƙofa.

Sashe na 79 na kundin dokokin hukunta laifuffuka, wato Final Kod, wanda Arewacin Najeriya ke aiki da shi tun 1960, ya ce idan mutane suka aikata laifi domin cika niyyar da suka haɗu a kanta, kowannensu zai ɗauki laifin kamar shi kaɗai ya yi. A haɗa shi da sashe na 221 na laifin kisan kai, hukuncin kisa ke nan. (Wasu jihohi, irin su Kaduna a 2017, sun sake rubuta nasu kundin, lambobin sassa sun sauya, ƙa'idar tana nan.) Ba sai an zauna tun jiya an ƙulla ba, niyyar tana iya haɗuwa nan take, kotu kuma daga aikin kowa take gano ta. Wanda ya danne mamacin, da wanda ya kawo taya da fetur, da wanda ya tare masa hanyar gudu, duk sun shiga. Wanda ya tsaya kallo kawai bai shiga ba, komai munin tsayuwar tasa.

Fiƙihun Malikiyya ya riga zuwa nan. Muwaɗɗa ta Imam Malik ta kawo cewa Sayyidina Umar ya kashe mutum biyar ko bakwai saboda mutum ɗaya da suka yi wa kisan yaudara, ya ce da mutanen San'a duka ne suka haɗu a kansa da ya kashe su gaba ɗaya. Imam Malik ya ce wanda ya riƙe mutum alhali ya san kashe shi za a yi, shi ma a kashe shi. Sai dai a lura da wani wuri da ba a cika ambata ba: idan babu shaidu biyu adalai, babu iƙrari, aka koma ga ƙasama, wato rantsuwa hamsin ta dangin mamaci, to ba a kashe fiye da mutum ɗaya. Da hujja ta yi rauni, malamai suka taƙaita hukuncin.

Wannan ne ya kamata ya dami duk mai bin irin waɗannan shari'o'i. Tunda doka ba ta neman a nuna mai dukan ajali, rayuwar wanda ake tuhuma ta rataya a kan jimla ɗaya daga bakin shaida: "Na gan shi a cikinsu, yana duka." Sashe na 200 na Dokar Shaida ta 2011 bai gindaya adadin shaidu ba, don haka mutum ɗaya da alƙali ya gaskata ya isa.

Shi kuwa ido a cikin hargitsi ba abin dogaro ba ne. Mai gudun ceton rai hankalinsa kan tafi ga adda ko gora, fuskar mai riƙe da ita sai ta shige masa a gurguje. Fuskoki in sun yi yawa sukan cakuɗe, har shaida ya ɗauki fuskar ɗan kallo, ko ta mai shagon bakin titi da ya saba gani, ya ɗora ta a kan mai duka. Gane baƙuwar fuska daga wasu mutanen da ba ka saba da kamanninsu ba ya fi wuya. Mafi haɗari kuma, tabbacin shaida yakan ƙaru da tafiyar lokaci ko da daidaitonsa bai ƙaru ba: wanda ya ce "kamar shi ne" a ofishin 'yan sanda, bayan shekara uku a kotu sai ya ce "ko a mafarki zan gane shi," kuma ba ƙarya yake yi ba, ya yarda da abin da yake faɗa. A Amurka, cikin mutum 375 da gwajin ƙwayar halitta ya wanke bayan an ɗaure su, kusan kashi 69 cikin ɗari akwai kuskuren shaidar gani da ido a shari'arsu.

Kotunan Najeriya suna bin ma'aunin da aka shimfiɗa a shari'ar Turnbull a Ingila a 1976. Tsawon wane lokaci shaida ya kalli mutumin? Daga wane nisa? Da rana ne, ko da hasken tocila? Akwai abin da ya kare shi? Ya san shi a da? Kwana nawa tsakanin abin da ya faru da ranar da ya nuna shi? Sai wadda ta fi tona asiri: kamannin da ya faɗa wa 'yan sanda a bayaninsa na farko sun yi daidai da mutumin da ke tsaye a akwatin tuhuma? Shaidan da ya ce ya san mai laifin tun suna yara, amma bai ambaci sunansa a bayanin farko ba sai bayan an kama shi, kotu kan ɗauki maganarsa da taka-tsantsan.

Idan shaida bai san mutumin a da ba, faretin tantancewa ake yi. A jera wanda ake zargi cikin aƙalla mutum takwas masu kusancin shekaru da tsayi da launin fata da sutura, a bar shi ya zaɓi inda zai tsaya, a shigo da shaidu ɗaya bayan ɗaya ba tare da sun yi magana da juna ba. Jami'in da ke binciken kada ya jagoranci faretin. Mafi kyau ma a ba wanda bai san wane ne ake zargi ba, don kallo ɗaya ko gyaran murya ya isa ishara. A gaya wa shaida cewa mai yiwuwa mai laifin ba ya cikin layin, a kuma rubuta kalmominsa a take, har da "ina jin."

Abin da ke ɓata aikin sananne ne. Ana yin kamen kan mai uwa da wabi washegari, a zube samarin unguwa a harabar caji ofis da ankwa, a kira shaida a ce ya duba. Ko a yi holin su gaban 'yan jarida, hotunansu su zagaye Facebook da WhatsApp, sannan a shirya fareti. Daga nan shaida hoton yake tunawa. Ba a maimaita gwajin farko. Idan ya gurɓace, nuna mutum da yatsa a cikin kotu ba ya gyara shi, don kowa ya san wanda ke cikin akwati shi ake tuhuma.

Bidiyon waya yana taimakawa, da sharaɗi. A kisan ɗaliban Jami'ar Fatakwal huɗu a garin Aluu na Jihar Ribas cikin Oktoba 2012, duniya ta ga taron a bidiyo, amma a Yulin 2017 mutum uku kotu ta yanke wa hukuncin kisa, ciki har da sajan ɗin 'yan sanda, ta sallami huɗu. Fitowar fuska a hoto daban, nuna abin da mai fuskar ya aikata daban. Sashe na 84 na Dokar Shaida kuma yana buƙatar bayanin na'urar da ta samar da bidiyon da ingancin aikinta, don haka a adana wayar da ta ɗauka da ainihin fayil ɗin. Wanda aka yi ta turawa ya riga ya dushe.

Wanda aka kama alhali ba ya wurin, ya faɗi haka a bayaninsa na farko, da cikakken bayani: inda yake, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, tare da su wa. Hakan ne ke wajabta wa 'yan sanda su je su bincika, in suka ƙi kuma shakkar takan amfane shi. Wanda ya ɓoye wannan sai ranar kare kai a kotu, da wuya alƙali ya ba shi nauyi.