Lauyan kyauta a shari'ar neman haƙƙi: wa ya cancanta, ina za a je, me za a riƙe

In aka ce lauyan gwamnati na kyauta, hankalin yawancin mutane yana tafiya ne kan wanda ke tsare a gidan yari bisa tuhumar kisa ko fashi. Da hakan aka fara kuwa. Dokar soja mai lamba 56 ta 1976, wadda ta kafa hukumar ba da agajin lauyoyi ta Najeriya, manyan laifuka kawai ta duba. Daga baya aka riƙa buɗa ƙofar: aka shigo da ƙarar diyyar hatsari, aka shigo da ƙarar take haƙƙin ɗan Adam, har aka zo dokar 2011 da ake aiki da ita yanzu. Wannan doka ta ware sashe guda na shari'ar neman haƙƙi, wato shari'ar da ba a tuhumar kowa da laifi, mutum ne kawai ke cewa an ci masa haƙƙi yana so a karɓo masa. Sunan da ke jikin allon ofishin shi ne Legal Aid Council. Hedikwatarta tana Abuja a ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya, kuma tana da ofis a babban birnin kowace jiha.

Ma'aunin cancanta shi ne samun mutum. Doka ta ce wanda abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba shi ne ya cancanta, kuma tun Yulin 2024 wannan albashi naira dubu 70 ne a wata. Mai facin taya ko mai tuyar ƙosai ba su da takardar albashi, don haka sai a cike fom a faɗi sana'a da abin da ake samu da yawan iyali, wani lokaci a haɗa da takardar rantsuwa daga kotu. Wanda samunsa ya ɗan haura kada ya fasa zuwa, domin hukumar tana da ikon karɓar mutum idan halin da yake ciki ya kai, akwai kuma tsarin da mai ɗan hali zai biya wani ɓangare na kuɗin. Kamfani ko ƙungiya ba sa ciki, mutum ɗaiɗai ake yi wa.

Ƙararraki uku ne dokar ta ambata da suna a wannan ɓangare: diyyar hatsari har da wanda ya auku a wurin aiki, take haƙƙoƙin da ke babi na huɗu na kundin tsarin mulki, da neman haƙƙin da ya taso daga laifin da aka yi wa talaka. Bayan waɗannan ta ba hukumar damar ba da shawara da tsaya wa mutum a kotu a duk inda adalci ya buƙaci haka, shi ya sa ake kai musu rikicin haya da gado da albashin da aka hana. Sai dai a faɗi gaskiya, lauyoyinsu kaɗan ne, kuma waɗanda ke jiran shari'a a gidajen gyaran hali sun cinye mafi yawan lokacinsu. Wanda ya je da ƙarar gona ya shirya wa jira, ko a tura shi wajen wani lauya mai zaman kansa da ya yi rajistar aikin sa kai. Irin waɗannan lauyoyi suna nan, kuma ba tausayi kaɗai ke kawo su ba: dokar 2011 ta shardanta wa mai neman muƙamin babban lauya na SAN ya nuna ya yi aƙalla shari'u uku kyauta a shekarar da ta gabaci neman nasa.

Kuma ba wannan ce kaɗai ƙofar ba. Mace mai rikicin ciyarwa ko riƙon 'ya'ya ko gado ta nemi FIDA, ƙungiyar mata lauyoyi, wadda ke da rassa a jihohi. Tsangayoyin koyon aikin lauya na jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano da ta Maiduguri suna da ofisoshin da ɗalibai ke sauraron koke a ƙarƙashin malamansu. Ɗalibi ba ya tsayawa gaban alƙali, amma yana rubuta wasiƙa, yana shiga tsakani, yana haɗa mutum da lauya. Idan da ma'aikatar gwamnati ake rikicin, kamar fansho ko giratuti da aka riƙe, Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa a 1975 ba ta karɓar ko kwabo, amma tana so a kawo kuka cikin wata 12 da faruwar abin. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ita ma kyauta take sauraro.

Inda bai kamata a je ba shi ne caji ofis. Bashi, cinikin da ya lalace, rikicin iyakar gona, kuɗin haya, duk ba aikin 'yan sanda ba ne. Dokar 'yan sanda ta 2020 da dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 duk sun hana a kama mutum saboda kawai ya saɓa yarjejeniya ko ana bin sa bashi. Wanda ya sa aka kulle abokin cinikinsa don ya tsorata ya biya, shi da 'yan sandan ana iya haɗa su a ƙarar tauye 'yanci, ya tashi daga mai bin bashi ya koma mai biyan diyya. Wanda aka kulle ɗin kuma ya san cewa sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu, kuma wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Irin wannan ƙara ce lauyan kyauta ya fi saurin karɓa, domin da takardar rantsuwa ake yin ta ba sai an jera shaidu ba, ɗan'uwa yana iya shigar da ita a madadin wanda ke tsare, kuma ƙa'idojin shigar da ƙarar take haƙƙin ɗan Adam na 2009 sun ce wa'adi ba ya kashe ta.

Sauran ƙararraki kuwa wa'adi yana kashe su, kuma a nan talaka ya fi yin asara. Mutum zai shekara yana zarya tsakanin mai unguwa da dagaci da surukai, ana ba shi haƙuri, sai ƙofa ta rufe sannan ya nemi lauya. Ƙarar jami'in gwamnati a kan abin da ya yi a bakin aikinsa, wata uku kacal doka ta bayar, in ban da 'yan wuraren da kotuna suka keɓe. Wanda inji ya cinye wa yatsu a masana'anta, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce ya sanar da mai aikin cikin kwana 14, mai aikin ya sanar da NSITF, hukumar inshorar ma'aikata da ke biyan diyyar, cikin kwana 7, a shigar da neman diyya cikin shekara guda. Sai da dalili mai ƙarfi ake karɓa har zuwa shekara uku. Sanarwar nan a yi ta a rubuce a riƙe kwafi, domin faɗa wa shugaban leburori da baki ba ya barin shaida. A kotun shari'ar Musulunci kuma akwai hauzi: wanda ya ga bare yana noma gonarsa ko yana gini a filinsa ya yi shiru shekara 10 ba tare da uzuri ba, da wuya a saurari da'awarsa. Tsakanin 'yan'uwa ana kai wa shekara 40, kuma aro da jingina da amana ba sa zama mallaka komai daɗewa, amma sai an tabbatar da cewa aron ne, dattawan da suka shaida kuwa ba sa dawwama. Ɗaukaka ƙara daga ƙananan kotuna yawanci kwana 30 ne. Neman sulhu abu ne mai kyau, lauyoyin agajin ma da shi suke farawa, amma a yi sulhun ana ƙirga kwanaki.

Ranar zuwa ofishin, a je da duk abin da ke hannu: katin shaida, takardar ciniki, rasit, yarjejeniyar haya, takardar ɗaukar aiki ko ta sallama, takardar saki, rahoton asibiti da rasit ɗin magani, rahoton 'yan sanda in hatsarin mota ne, da lambar motar da sunan kamfanin inshorarta. Saƙon alat na banki da hirar WhatsApp shaida ne, kada a goge, kada a sayar da wayar. A ba da kwafi, a riƙe na asali har ranar da kotu ta nema. A sa wani ya rubuta abin da ya faru a shafi guda, kwanan wata bayan kwanan wata, da sunayen shaidu da inda suke. Sannan a faɗa wa lauya har abin da ba ya yi wa mutum daɗi. In ka karɓi wani ɓangare na kuɗin, ko ka taɓa sa hannu a wata takarda a gaban mai unguwa, faɗi tun a ofis. Lauyan da ya fara jin wannan daga bakin abokin shari'a a gaban alƙali ba shi da abin da zai gyara.

Kyautar kuma tana da iyaka. Aikin lauya ne ba a biya. Kuɗin shigar da ƙara, kuɗin kai sammaci, hoton takardu, kuɗin motar shaidu, kuɗin buga kwafin shari'a in za a ɗaukaka ƙara, waɗannan sukan faɗo kan mai ƙara, sai a tambaya tun ranar farko wanne hukuma za ta ɗauka wanne ne nasa. Dokokin manyan kotuna sun tanadi hanyar da wanda ba shi da hali zai roƙi alƙali a yafe masa kuɗin kotu, amma sai an nema a rubuce, kuma mutane kaɗan ne suka san da ita. Duk kuɗin da aka biya a rajista a karɓi rasit. Wanda ya tare ka a harabar kotu ya ce ya san alƙali, ba lauya ba ne, ɗan kamasho ne.

Wata shari'ar ma ba ta buƙatar lauya ya tsaya, shawararsa ta awa guda ta isa. A Kano an buɗe kotun ƙananan basussuka a 2019, aka fara da bashin da bai wuce naira miliyan 5 ba, da nufin a gama cikin kwana 60; fom ake cikewa bayan an aika wa wanda ake bi takardar neman biya. A kotun shari'ar Musulunci mutane da bakinsu suke magana, abin da ake buƙata shi ne da'awa bayyananniya: gonar tana ina, iyakokinta huɗu da wa da wa, ta yaya ta zama taka. A ƙarar gado a zo da jerin magada duka da jerin dukiyar da bashin da ke kan mamaci, domin rabon da aka manta da magaji ɗaya rushe shi ake yi. Kafin hukunci alƙali zai yi i'izari, ya tambayi kowane ɓangare ko yana da sauran magana ko hujja. Mutane da yawa suna cewa babu don kunya ko gajiya, alhali suna da shaidan da bai samu zuwa ba. A nan ake faɗi. Idan kuma ba a yi i'izarin ba sam, dalili ne na rushe hukuncin a kotun sama.

Ɗan haya shi ma ya san matsayinsa kafin ya kwashe kaya. A Abuja da jihohi da dama, in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, mai biyan wata-wata notis ɗin wata guda ake ba shi, mai biyan shekara wata shida, bayan ya ƙare a ƙara masa na kwana bakwai, sannan mai gida ya tafi kotu. Cire ƙofa ko kwance rufi ko watso kaya waje ba tare da umarnin kotu ba, mai gidan ne ya taka doka, ko da ana bin ɗan hayar kuɗi. Rikicin albashi da kora daga aiki kuwa na Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ne. In aka kai wata kotun, za a shekara ana zama sannan a kori ƙarar saboda rashin hurumi.

Bayan an shigar da ƙara, a karɓi lambarta da sunan kotun da lambar wayar lauyan, a rubuta ranar kowane zama. Lauyan agaji yana riƙe da fayil da yawa, wani kuma ɗan hidimar ƙasa ne da zai tafi in shekararsa ta cika, don haka mai ƙara ne zai riƙa bibiya, ya san wanda aka miƙa wa fayil ɗinsa. Rashin zuwa kotu ba tare da aiko da uzuri ba yana sa a kori ƙara, dawo da ita kuma wani sabon aiki ne.

Hukunci in ya fito ba kuɗi ba ne tukuna. Sai an koma an nemi kotu ta aiwatar, ko dai a kama kadarar wanda aka kayar a yi gwanjonta, ko a umarci bankinsa ya biya daga asusunsa. Idan hukumar gwamnati aka kayar, sashe na 84 na dokar aiwatar da hukunci ya ce sai Antoni Janar ya amince kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati, abin da lauyoyi suka daɗe suna ja a kansa. Saboda haka tun ranar farko a tambayi lauya ko aikinsa ya haɗa da karɓo kuɗin, a kuma kawo masa duk abin da aka sani game da dukiyar abokin shari'a: bankin da yake ajiya, shagonsa, motarsa da lambarta.