Zaɓen ƙarfen takalmin babur ɗin ƙanƙara: duba baya kafin ka taɓa gaba

Ƙannena da karatu ko neman abinci ya kai ku ƙasashen sanyi, Kanada ko arewacin Amurka ko Finlan, ba za ku daɗe ba za ku ga babur ɗin da ke gudu a kan dusar ƙanƙara. Wasu za su hau, wasu ma gyaransa ne zai zame musu sana'a. Tun da kamfanin Bombardier ya fito da Ski-Doo a 1959 a garin Valcourt na lardin Kebek, ginin wannan babur bai sauya a tushensa ba: bel na roba a baya yana turawa, takalma biyu masu sulɓi a kan ƙanƙara a gaba suna juya shi. A ƙarƙashin kowane takalmi akwai sandar ƙarfe da aka ɗaure da noti, an dasa mata haƙoran kabaid, wani sinadari mai tsananin tauri. A kan hanyar da ta daskare, wannan sanda ce ke cin kwana, robar takalmin ɗaukar nauyi kawai take yi. A wajen zaɓenta na yi asarar kuɗi da sassa, shi ya sa nake so ku san inda ramukan suke.

Babban kuskure shi ne ɗaukar cewa mafi tsawo shi ya fi kyau. Ana sayar da kabaid mai inci 4, 6, 8 da 10, wato kusan santimita 10 zuwa 25, kuma tsawon haƙoran ake nufi, ba tsawon sandar ba. Yaro ya ga babur ɗinsa yana miƙewa a kwana ko da ya murɗa kai, sai ya ruga ya sayo mai inci 10. Gaba ya kama ƙasa ƙam, baya kuwa ba shi da abin riƙewa. Da an shiga kwana sai bayan ya zame ya nemi wuce gaban, takalmin da ke ciki ya ɗaga sama, in da gudu sai kifewa. Daidai yake da babur mai sabuwar taya a gaba da suɗaɗɗiya a baya, a kan jar ƙasa bayan ruwan sama. Ga kuma nauyin kai, wanda kafin rana ta yi tsaka kafaɗu sun gaji.

Don haka lissafin daga baya yake farawa. Durƙusa ka ƙirga ƙusoshin da aka kafa a jikin bel. In babu ko ɗaya, inci 4 ya wadatar, iyaka 6 ga mai nauyin jiki. Bel mai ƙusa 96 yakan tafi da inci 6. Mai 144 yana neman 6 zuwa 8. Inci 10 sai mai ƙusa 192 ko fiye, wanda ke tsere a kan daskararren tafki. Wannan ƙiyasin makanikai ne, ana ɗan gusa shi sama ko ƙasa. Tsawon bel ɗin ma yana cikin lissafi, domin mai inci 137 ya fi mai 121 son tafiya sambal, ya fi tura gaba, saboda haka yakan nemi ƙarin cizo kaɗan. Akasin wannan kuskure ma yana nan: a kafa ƙusoshi 144 a baya a bar tsohuwar sanda mai inci 4 a gaba. A nan sai ka juya kai har ƙurewa amma babur ya nufi bishiya.

Mai hawa tsaunuka cikin dusa mai zurfi bai da ruwa da dogon kabaid. Can tudun da ke ƙasan takalmi da karkata jiki ne ke juya babur, gajeren kabaid ya ishe shi don tsallake hanya.

Sai kaifi. Bakin haƙorin yakan zo da kusurwar digiri 60, 75 ko 90. Mai digiri 60 ya fi tsini, yana shiga ƙanƙara sosai, amma shi ne mai saurin dakushewa da ɓantarewa. Mai 90 bai kai shi cizo ba, sai dai yana jure kwalta da tsakuwa. Kabaid ya fi ƙarfe tauri nesa ba kusa ba, amma taurin nan ne ke sa shi gautsi, dutse ɗaya na iya fizge masa haƙori. A hanyoyin Ontariyo ta Kanada ko Wiskonsin ta Amurka, inda za ka tsallaka titi sau da dama ka kuma shiga gidan mai a kan siminti, mai digiri 60 ba ya kai ƙarshen hunturu da kaifinsa. A ganina mai hawa na yau da kullum ya tsaya a 75 ko 90, ya bar 60 ga masu tsere. Siffar sandar kanta tana da tasiri. Zagayayya mai kaurin rabin inci tana da sauƙin juyawa, mai kusurwa irin Shaper ta kamfanin Stud Boy tana kama dusa mai laushi da gefenta, wurin da kabaid ba ya samun abin cizo, amma tana ƙara wa kai nauyi.

Inda na fi so ku natsu shi ne matsalar fizge-fizge, wato kan babur ya riƙa warcewa hagu da dama a miƙaƙƙiyar hanya. Dalilinta shi ne sandarka tana faɗawa cikin sawun da baburan gaba suka tsaga, sai ta bi shi ba da izininka ba. Da yawa sukan ɗora wa sanda laifi su sayi sabuwa, alhali sau tari saitin takalma ne ya lalace. Dole bakin takalman ya ɗan buɗe waje, tazarar gaba ta fi ta baya da kamar milimita 3, wasu littattafan kamfani sukan yarda har 6. In bakunan suka matso ciki, ko wace sanda ka ɗaura sai ya fizga. Yadda ake awo: ajiye babur a shimfiɗaɗɗen wuri, miƙe kai, ɗaura igiyar roba tsakanin bakunan takalman don ta cinye lakon da ke jikin tairod, wato ƙarfen da ke haɗa kan babur da takalman, sannan ka auna daga sanda zuwa sanda a gaba da kuma a baya. In awon bai yi ba, sassauta notin tairod ka murɗa, gefe biyu daidai wa daida.

Bayan haka cire takalmin ka duba robar da ke tsakaninsa da ƙafar babur. Idan ta tsufa ta lotsa, nauyi yakan koma gaban sanda, sai bakinta ya riƙa farautar sawu. Tsohuwar sandar za ta gaya maka gaskiya: in gabanta ya fi bayanta cinyewa, robar ce. Ka sauya ta, ko ka cusa ɗan yankin roba mai kaurin milimita 3 zuwa 6 a ƙarƙashin bayanta. Sai in duk wannan bai magance ba ne za ka nemi sanda mai baki biyu, irin Dooly ta kamfanin Woody's. Ita tana tsaga nata sawun, fizgar takan ragu sosai, amma ka sani a dusa mai laushi tana sa babur ya ɗan miƙe a kwana.

Nauyin da ke kan takalma shi ma yana sauya komai ba tare da ka kashe ko sisi ba. In ka gajarta maɗaurin da ke riƙe gaban bel, nauyi ya ƙaru a kan takalma, cizo ya ƙaru. In ka matse sifirin ɗin shokar tsakiya, nauyin ya ragu, kai ya yi sauƙi. Abu ɗaya za ka taɓa a lokaci guda, ka hau ka gwada, ka rubuta abin da ka ji. Wanda ya sauya sanda da maɗauri da sifirin rana ɗaya ba zai taɓa sanin wanne ya gyara wanne ya ɓata ba.

Wajen ɗaurawa, sayi wadda aka yi don samfurin takalminka, domin tazarar ramukan ta bambanta tsakanin baburan Polaris da Arctic Cat da Ski-Doo. Sauya biyun tare. Fara cusa bakin sandar a raminsa na gaba, ka sa sababbin noti masu kulle kansu, ka ɗaure da ƙarfin da littafin ya faɗa, don matsi fiye da kima yana tsinke ƙusar da ke jikin sandar ko ya lotsa robar takalmin. Bayan hawan farko ka sake bin notin da sifana. A gareji ka ɗora takalman a kan ƙananan tayoyin turawa maimakon jan su a siminti. Kafin kowace fita ka kifa takalmin ka shafa haƙoran da yatsa: in bakin ya zama mulmulalle, ko haƙori ya fita, ko sandar ta lanƙwashe, cire ta kafin ta fara cin robar takalmin, wanda kuɗinsa ya ninka nata.